Kwamfutar buga gem: haɗaɗɗiya daga kamfani da wadda ake haɗawa da hannu

Kwamfutar buga gem kwamfutar tebur ce da aka ƙarfafa ta fuskar hoto, domin ta iya ɗaukar wasanni masu nauyi irin su GTA V da EA Sports FC ba tare da hoton yana tsinkewa ba. Ana mallakar ta ta hanya biyu: a saye ta a haɗe daga kamfani, ko a sayi sassanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa. A arewacin Kamaru da Cadi, hanyar da kaya ke bi kafin su iso, da yanayin wutar lantarki, da zafi, suna sauya lissafin da aka saba yi a Turai da Amurka.

Asali

Haɗa kwamfuta da hannu ya yiwu ne saboda IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981 da sassan da wasu kamfanoni ke ƙerawa, abin da ya buɗe wa masu kwaikwayo ƙofa. A 1995 Intel ta kawo tsarin ATX, wanda ya tsayar da girman madabod, da ramukan noti, da irin filogin wuta, ta yadda sashen wannan kamfani zai zauna a gidan wancan. Katin hoto na musamman ya yi fice da Voodoo na 3dfx a 1996, sai GeForce 256 na Nvidia a 1999. A ɓangaren haɗaɗɗu, an kafa Alienware a 1996, Dell ta saye ta a 2006. Akwai kuma Omen na HP, da Legion na Lenovo, da ROG na Asus.

Sassa da dacewarsu

Manyan sassan su ne firosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki), madabod (babban allon da ake jona sauran sassa a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki), katin hoto, ma'ajiyar SSD (inda fayiloli ke zama), akwatin raba wuta, fankoki da gidan da za a zuba su. Katin hoto ne yakan cinye kaso mafi tsoka na kuɗin. Ɗaure sassan ba shi da wuya. Sukundireba ɗaya ta isa. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen dacewa. Firosesan Ryzen na mazaunin AM4 (mazauni shi ne gurbin firosesa a kan madabod) ba ya shiga AM5 da ya fito a 2022, kuma AM5 ba ya karɓar RAM sai samfurin DDR5. Madabod na Intel mai mazaunin LGA1700 kuwa akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, ba a musanya su. Wanda ya yi odar sashen da bai dace ba daga Dubai ko Sin, mayar da shi kan fi sayen wani tsada.

Wajen ɗora firosesa ana duba ɗan alwatika mai ruwan zinari da ke kusurwarsa, a daidaita shi da alamar da ke jikin mazaunin, a sauke shi a hankali ba tare da dannawa ba. Allura ɗaya ta lanƙwashe, aiki na iya tsayawa. Daga nan a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure fanka a kai. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum ke jin tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, masu gyara sukan fara taɓa ƙarfen gidan kwamfutar kafin su ɗauki RAM ko kati.

Farashi da garanti

A ƙa'ida haɗawa ta fi araha, tunda ba a biyan ladan kamfani. Amma ba kullum ba: daga 2020 zuwa 2022, annobar korona da masu haƙar kuɗin kirifto sun sa katin hoto ya yi wuyar samu, har haɗaɗɗiya ta riƙa fin sayen sassa sauƙi. Bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa a Satumban 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwar kayan hannu, shi ya sa ba a sayen katin gwanjo sai an gwada shi da wasa mai nauyi a gaban mai sayarwa.

Babban abin da ake yabon haɗaɗɗiya da shi shi ne garanti guda a kan injin gaba ɗaya, da Windows a ciki. Wannan fa'ida tana raguwa da nisa. Kayan da suka sauka a tashar Duwala sukan hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan manyan motoci su wuce da su Garwa, Marwa, Kusuri, har Injamena. Wasu kuma ta Mubi da Yola suke shigowa daga kasuwannin Najeriya. Kowane zango na ƙara kuɗin dako, ga kuɗin kwastan, ga harajin kaya na kashi 19.25 cikin ɗari a Kamaru. Idan injin ya lalace, garantin da aka rubuta don Faransa ko Dubai ba ya bin mai shi zuwa Marwa. Abin da ke aiki a zahiri shi ne alkawarin mai shago, da amanar da ke tsakaninsa da abokin ciniki.

A nan ne tsarin ATX ke nuna amfaninsa. Wasu samfuran manyan kamfanoni, ciki har da Dell da HP, suna zuwa da madabod da akwatin wuta masu filogi na daban. Idan akwatin wutar irin wannan injin ya ƙone, sai an nemo irinsa sak. Na haɗin hannu kuwa, kowane mai gyara zai cire ya sa wani.

Wuta, zafi da ƙura

Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage matsalar. Injamena ma ta saba da ɗaukewar wuta. Saboda haka akwatin raba wuta, wanda masu haɗa injin arha suka fi tsuke hannu a kansa, shi ne sashen da bai kamata a yi masa rowa ba. Tambarin 80 Plus yana nuna rashin ɓarnar wuta ne, ba shaidar ƙarko ba ce, amma akwatin da ba shi da ko sunan kamfani abin gudu ne. Kuɗin UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) da na'urar daidaita wuta ma cikin kuɗin kwamfutar suke. Tsoffin injinan da aka shigo da su daga Amurka wani lokaci suna da jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230; idan aka jona shi a wutar 220 yana kan 115, nan take zai ƙone.

Yawan cin wutar katunan hoto ya bambanta ƙwarai: RTX 4090 na jan wat 450, RTX 3060 wat 170. Ga mai janareta ko sola, ƙaramin katin ya fi dacewa, kuma bai kai babban fitar da zafi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, fanka kuma iskar ɗakin take hurawa, don haka gida mai raga a gaba ya fi mai gilashi rufe ruf, komai kyan fitilunsa. Ƙurar hunturu na toshe matata, sai an riƙa busawa akai-akai.

Hanya ta uku

Akwai wadda ta faɗa tsakani: sayen tsohuwar kwamfutar ofis, irin OptiPlex ko EliteDesk, a ƙara mata RAM da SSD, a sa mata katin hoto GTX 1650, wanda wat 75 ɗin da ramin madabod ke bayarwa ya ishe shi. Siraran injinan sai da gajeren kati. Tana ɗaukar wasannin ƙwallo da kyau, amma a duba shekarun firosesa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman firosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama.