Kamuwa ta biyu: abin da ke faruwa idan mura ta sauka ƙirjin yaro

Idan likita ya duba yaro ya ce wata cuta ce ta hau kan murar, ko ya kira ta kamuwa ta biyu, yana nufin cututtuka biyu ne suka bi juna. Ta farko ƙwayar cutar da ake kira bairos ce ta kawo ta, kamar mura ko ƙyanda. Ta biyu kuwa aikin bakteriya ne, wata irin ƙwayar cuta daban, wadda ta samu jikin yaron a raunane ta shiga. Abin da iyaye mata a Sakkwato ke cewa mura ta sauka ƙirji, sau da yawa wannan ne.

Daga hanci har zuwa huhu akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura su turo su waje. Bairos na lalata su, majina ta taru, garkuwar jiki kuma ta yi rauni na ɗan lokaci. Bakteriya irin su Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae dama suna zaune a bayan hancin yara da yawa masu lafiya, ba sa yi musu komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan su haura kunne, ko kogon hanci, ko su gangara huhu su zama nimoniya, wato ciwon huhu. Kunne ya fi saurin kamuwa a ƙananan yara domin bututun da ya haɗa shi da maƙogwaro gajere ne, kuma a kwance yake. Ko a annobar mura ta 1918, yawancin waɗanda suka rasu nimoniyar da ta biyo baya ce ta kashe su.

A nan, lokacin hunturu abin ya fi damuna. Ƙura ta cika gari, iska ta bushe, a rufe ɗaki saboda sanyi, ga hayaƙin itace ko gawayi, ga jariri a goye kusa da murhu. In aka haɗa da tamowa, yaro ba shi da ƙarfin kare kansa.

Babbar alama ita ce sauƙin da ya juye. Mura zalla takan lafa cikin mako guda zuwa kwana 10, ko da tari ya ɗan daɗe. Amma yaron da ya fara wasa yana cin abinci, sannan zazzaɓi ya dawo da zafi fiye da na farko, ko yana jan kunne yana kuka da dare, ko ruwa na fita a kunnen, a kai shi asibiti. Sai kuma numfashi. A ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, duk numfashi ya yi sauri. In kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ba a jiran wayewar gari. A nufi asibiti mafi kusa, su za su tura shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo in akwai buƙata. Hukumar ta ce a 2019 nimoniya ta kashe yara sama da 740,000 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, alhali maganinta ba mai tsada ba ne.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake rugawa kemis a sayo amoksisilin, maganin kashe bakteriya, tun ranar da hancin yaro ya fara yoyo, wai don riga-kafi. Wannan magani ba ya taɓa bairos. Abin da zai iya yi shi ne ya jawo gudawa, ya kuma sa bakteriya su saba da shi, ranar da ake neman ya yi aiki ya gaza. Majina ta yi kauri ko ta koma kore ma ba hujja ba ce, mura zalla na yin haka. Idan ma'aikacin lafiya ne ya rubuta shi, a ba yaron daidai awo, a kuma cika kwanakin ko ya warware.

Riga-kafin gaske yana cikin katin yaro. Allurar Penta da ta PCV a mako na 6, 10 da 14 suna kare shi daga wasu nau'o'i masu haɗari na waɗancan bakteriya biyu, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya tsallake wata sai a je da katinsa a duba abin da ya rage masa.