Tsohuwar Marsandi SL ta ɗan bugu kuma kana son ka sayar: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Magana a nan a kan Marsandi SL ce mai ƙofa biyu da rufin da ake buɗewa, samfurin R107 da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, wato su 280SL da 450SL da 380SL da 560SL. Mai Porsche 911 ta da, ko Datsun 240Z, ko MGB, shi ma yawancin abin zai yi masa amfani. Tambayoyin ba sa canzawa, don haka ga amsa a wuri ɗaya.

Ɗan taɓawa ce kawai a gaba. Sai an ɗaga ta an duba ƙasa?

Eh, sai an duba. Kafin kowa ya ɗauki guduma, a hau da ita kan rami ko a ɗaga ta. A dubi ƙarafan da bamba ke ɗaure a kansu, da ƙarfen da ke riƙe da lagireto, da ƙafafun shasi guda biyu. Fentin da ya tsage a jikin shasi, ko wurin da ƙarfe ya yi tamoji, alama ce bugun ya shiga ciki. A auna da tef daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya a cikin ɗakin inji, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan bambancin ya wuce milimita 3, kada ka ƙara kiran abin ɗan taɓawa. Bayan haka a kai ta a daidaita ƙafafu, a karɓi takardar da na'ura ta fitar, a ajiye.

In sake mata fenti gaba ɗaya don ta yi ƙyalli?

A'a. Fentin kamfani sau ɗaya mota ke samun sa. Ka kankare shi, har abada ya tafi.

In canza mata launi zuwa wanda ya fi shiga kasuwa?

Kada ka soma. Launin asali yana rubuce a jikin motar, mai saye zai karanta.

To a ina zan ga lambar launin?

Buɗe bonet, dubi farantin ƙarfen da ke kan ƙarfen saman lagireto. Lamba ce mai alƙaluma uku: 040 baƙi, 568 ja, 735 ruwan azurfa, 737 fari, 904 shuɗi mai duhu. Idan farantin ya ɓata, sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz yana ba mai mota katin bayanan da ta fito da su daga masana'anta, in ya nuna shaidar mallaka. Amma ka riƙe wannan: lambar tana faɗa maka launin da motar take da shi ranar da ta bar Jamus ne. Zafin rana na shekara da shekaru ya ci shi, ja kuwa ya fi kowane launi kodewa.

Gaskiya wanne ya fi: in gyara bugun, ko in sayar da ita haka in rage kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa, don haka a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Fara da sanin ko fentin da ke jikinta na kamfani ne. A sa na'urar auna kaurin fenti a kowane ɓangare, wuri huɗu ko biyar. Fentin kamfani galibi yana tsakanin maikiron 100 zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Inda aka sake feshi za ka ga 250 ko 400. Inda na'ura ta haura 1,000, akwai foti a ƙasa, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Idan duk jikinta ya nuna na kamfani ne, to kana riƙe da abin da masu tara irin waɗannan motoci ke nema ruwa a jallo, kuma a nan hannu mai sauƙi ake so. Idan kuwa an riga an sake mata fenti shekarun baya, ka kwantar da hankalinka, fesa fenda ɗaya ba zai rage mata daraja ba muddin aikin ya yi kyau.

Sai ka dubi lotsawar kanta. In fenti bai tsage ba, lotsawar ba ta da kaifi, kuma ana iya kaiwa gare ta ta baya, akwai masu turo ta da sandunan ƙarfe daga ciki ba tare da an taɓa fenti ba. Wannan shi ne zaɓi na farko. Sai dai yana da sharuɗɗa. Tsohon fenti ya bushe, yana iya tsagewa yayin turawa, shi ya sa gwani ke ɗumama wurin kaɗan tukuna, yana turawa a hankali yana kallon inuwar fitila a jikin ƙarfen. Masu jawo lotsawa da gam daga waje kuma su yi hattara: a wurin da aka taɓa sake fenti, gam ɗin na iya ɗauko fentin gaba ɗaya. Idan bugun ya sauka a kan bakin fenda, ko a kan layukan nan masu tudu da ke ƙasan ƙofofin R107, da wuya ya koma daidai ta wannan hanya, ko da yake gwanin gaske yakan rage shi har ido ya daina kamawa.

In fenti ya tsage har ƙarfe ya fito, ba a barin sa, domin damina ɗaya ta isa ta sa tsatsa ta kama. Ɗan tabo kamar ƙwayar gero ko na wake, a goge shi, a ɗiga firama, wato fentin shimfiɗa da ake fara sa wa ƙarfe, da tsinken buroshi, a ɗiga launi, shi ke nan. Wanda ya fi tafin hannu kuwa sai feshi. A nan wurin da bugun yake yana da muhimmanci. Fendar gaba da ƙusoshi aka ɗaure ta, ana iya kwance ta a yi mata aiki a gefe. Ta baya walda ce da jikin mota, aikinta ya fi tsada, kuskure a kanta kuma ya fi wuyar gyaruwa. Launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe irin 735 ba ya yarda a tsaya a bakin fenda, sai an ɗan watsa shi zuwa cikin ƙofa don ido ya kasa ganin inda tsoho ya haɗu da sabo. Ka ga ke nan bugun fenda ɗaya ya ci fentin asali na ɓangare biyu. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Sannan wa kake sa ran zai saya? Wanda zai hau ta ranar Juma'a ko ya fita da ita biki yana son ya gan ta sumul, lotsawa ɗaya za ta sa ya yi ta zaftare kuɗi fiye da abin da gyaran zai ci. Mai tara motoci kuwa sau da yawa ya fi son ya ga bugun da idonsa, ya kai wa mai gyaran da ya yarda da shi. Shi dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba ya tsammanin motar 1979 ta zama ba tabo.

A ra'ayina, in fentin na kamfani ne kuma bai tsage ba, a turo lotsawar a tsaya nan. In ya tsage kuma kana da mai fenti wanda ka ga aikinsa da idonka a rana, a gyara wurin kaɗai. In ba ka da irin wannan mutum kusa, gara ka kare ƙarfen daga tsatsa, ka nemo rubutaccen ƙiyasin kuɗin gyara, ka nuna wa mai saye, ka rage masa daidai wannan. Mummunan gyara ya fi bugun da ba a taɓa ba karya farashi, saboda wanda ya gan shi zai fara zargin sauran motar duka.

Falanbita ya ce ba sai an buga ba, foti zai cike ramin.

Ɗauki makullinka ka bar wurin. Foti na shafe ƴan ƙananan kwarmin da guduma ta bari ne, kaurinsa kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. In aka cusa shi da kauri, zafin rana zai sa ƙarfe ya buɗe foti bai buɗe tare da shi ba, bayan ƴan watanni sai ka ga tsaga kamar gashi ta zagaye wurin.

Tsarin aikin ga shi. A bugo ƙarfe ya dawo kusa da siffarsa. A kankare da samfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fari. A fesa firamar efoksi, ita ce ke hana danshi kaiwa ga ƙarfe. A kwaɓa foti da mahaɗinsa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. In ya yi yawa jan mahaɗin zai ɓullo ta cikin farin fenti, in ya yi kaɗan ba zai bushe ba har ciki. A goge da 180, sannan 320, da katako mai faɗi a bayan samfefar, domin yatsu suna barin kwari. A sake firama, a goge da 500 ko 600. Kafin a fesa wa mota, a fesa launin a kan ɗan falle, a bari ya bushe, a kanga shi a jikin ƙofa a cikin rana, a duba ta gaba da ta gefe. Kuma don Allah kada a yi feshi a fili lokacin hunturu. Ƙurar za ta zauna a cikin fenti, ka shafa ka ji kamar yashi.

Da aka kwance fenda sai aka tarar da tsatsa. Na shiga uku ke nan?

Ba ka shiga uku ba. Kusan duk motar wancan zamani tana da ita a wani wuri, musamman wadda ta zauna a jihohin Amurka da ake zuba wa tituna gishiri lokacin ƙanƙara. Wurin da ya fi damun masu sayen R107 shi ne bangon da ke tsakanin inji da mazauni. Kwance murfin fankar iska da ke ƙarƙashin bonet kusa da gilashin gaba, ka haska tocila. Ganye yakan toshe magudanar ruwan wurin, ruwa ya kwanta ya ci ƙarfe. Ɗaga kafet ɗin ƙasan ƙafafu ka taɓa, in da danshi to daga can yake zuwa ko daga robobin rufi. Duba wuraren sa jak guda huɗu, da bayan fitilun gaba, da ƙasan but.

Tsatsar sama ana kankare ta. Wadda ta huda sai a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Shafa baƙin kwalta a kanta ana gobe za a zo gani ha'inci ne, kuma sabon baƙi a ƙasan tsohuwar mota shi ne abu na farko da mai ido ke tsayawa a kai.

Bambar ta lanƙwashe, fitila ɗaya ta fashe. Kowace zan iya sa wa?

A'a. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da fitilu zagayayyu huɗu, kuma daga 1974 suna da dogayen bambobi masu kauri. Na Turai fitilunsu masu faɗi ne, bambarsu siririya. Ba sa shiga gurbin juna sai da sauye-sauye. Tafi da lambar shasi da tsohon kayan a hannu, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko daga waje za ka yi oda. Tsohon kaya na asali mai lafiya ya fi sabon kwaikwayo zama daidai. Wanda aka cire kuma kada a jefar, a zuba a kwali a ba mai saye.

Dole sai na faɗa wa mai saye cewa ta taɓa buguwa?

Abin mamaki ne a ce har yanzu ana wannan tambaya. Dole ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a fiƙihu wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da kaya. Ko ta fuskar kasuwa ma, na'urar da ka auna fenti da ita tana aljihun mai saye. In shi ya gano da kansa, zai ƙiyasta mafi munin abu. In kai ka buɗe masa fayil ya ga hoton bugun kafin a taɓa, da hoton ƙarfe tsirara, da na firama, da rasit, da takardar daidaita ƙafafu, magana ta ƙare a minti biyar. Dillalinka ma ka gaya masa, kada ya je ya rantse a kan abin da bai sani ba.

Ta yi shekara biyu a gareji tun da ta bugu. In tayar kawai?

Kada ka murɗa makulli. Tsohon fetur yana zama danƙo, ya toshe famfon mai da na'urar da ke ba inji mai, gyaranta kuwa yana da tsada. A zuƙe tankin, a canza matatar mai, a duba robobin mai ko sun tsattsage. A canza baƙin mai da matatarsa. Man birki DOT 4 ne, ana sabunta shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Taya kuma karanta alƙaluma huɗun da ke gefenta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba.

In wanke inji da ruwan matsi?

A'a. Tsumma da buroshi. Ruwan matsi yana shiga wayoyi, kuma injin da ya yi tas fiye da kima yana sa a yi zaton yoyon mai aka wanke.

Wane irin hoto zan ɗauka?

Da safe ko bayan la'asar, a inuwa, mota a bushe. Ɓangarori huɗu, rufi a buɗe da rufe, rufin ƙarfe in kana da shi tare da hannayen kwance shi, ɗakin inji, farantin lambobi, cikin but an ɗaga shimfiɗa, ƙasan mota, mitar tafiya yadda take. Wurin da aka gyara a ɗauke shi kusa, daga gefe, inda haske ke kwanciya a jikinsa.

Yaushe zan shafa wa sabon fentin kakin goge?

Ba yanzu ba. Bayan kwana biyu zuwa uku ana iya gogar sa da samfefar ruwa mai lamba 1500 zuwa 2000 a bi da folish, amma kaki sai ya yi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentin ya rubuta a gwangwani, domin sinadarin cikinsa bai gama fita ba. Tsohon fentin da ke kewaye kuma a bi shi a hankali: shafa ɗan folish da farin tsumma a wurin da ba a gani, in tsumman ya ɗauko launi to babu rigar gilashi a samansa, wato fentin nan marar launi da ake rufe launi da shi, injin goge zai iya cinye shi a bakin ƙofa cikin daƙiƙa kaɗan. Irin wannan da hannu ake yi. In mai saye ya zo kafin wa'adin ya cika, rubuta masa ranar da aka yi feshin a jikin rasit.