Ba rashin jan ƙasa ke sa 'yan sama jannati shawagi ba

Mutane da yawa, musamman masu kallon fina-finan sararin samaniya, sun ɗauka da zarar an bar duniya ƙarfin jan ƙasa ya ƙare. Sam ba haka ba ne.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, tana can sama kusan kilomita 400, kuma a wannan tsayin jan ƙasa yana nan da ƙarfinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. To me ke sa 'yan sama jannatin da ke cikinta shawagi? Faɗuwa suke yi, su da tashar tare. Gudun tashar ya kai kusan kilomita 28,000 a awa, don haka duk yadda ta faɗo, doron duniya yana lanƙwasawa a ƙarƙashinta, ba ta iske shi. Cikin minti 90 take kewaye duniya.

Fim ɗin da ya nuna kumbo ya tsaya cak don an kashe injinsa ya tafka kuskure, domin tafiyarsa zai ci gaba da yi. Siririyar iskar da ta saura a can ce ke rage gudun a hankali, shi ya sa lokaci-lokaci ake kunna injin roka a ƙara ɗaga tashar.