Maikrofifet a ɗakin gwaje-gwaje: tambayoyi da amsoshi kan ɗebo ruwa daidai

Me ke faruwa a cikin maikrofifet idan an danna maɓallinsa?

Maikrofifet, ko fifet a taƙaice, na'urar hannu ce ta ɗebo ɗan ƙanƙanin ruwa a ma'auni daidai. A irin wanda aka fi amfani da shi, ruwa ba ya shiga jikin na'urar ko kaɗan. Akwai fistin a ciki, daga ƙarƙashin fistin kuma iska ce zalla har zuwa bakin robar da ake sawa a ƙarshe, wato tif. Idan aka danna maɓalli, fistin ya sauka ya kori wani adadi na iska. Idan aka saki, sifirin ya mayar da shi sama, ruwa ya biyo ya cike gurbin iskar da ta fita. Ashe ke nan iska na'urar ke aunawa, ruwa bin ta kawai yake yi. Ita kuwa iska tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi, tana shan tururin ruwan da ke ƙarƙashinta, nauyin ruwan ma yana ɗan jan ta ƙasa. Yawancin kurakuran ɗiba daga nan suke tasowa.

Heinrich Schnitger ne ya ƙera na farko a Jami'ar Marburg ta Jamus a 1957, kamfanin Eppendorf ya fara sayar da shi a 1961. Wanda ake iya sauya masa adadi ya biyo baya a farkon shekarun 1970, daga aikin Warren Gilson da Henry Lardy a Wisconsin ta Amurka. Kafin nan da baki ake zuƙo ruwa cikin bututun gilashi, abin da ƙa'idojin kariya suka haramta yanzu.

Tunda P1000 yana iya ɗebo maikrolita 100, me ya sa ake cewa a ɗauki P200?

Saboda kuskuren da aka yarje wa fifet ana lissafa shi ne da iyakarsa ta sama. Lambar da ke bin harafin P a sunan fifet ita ce wannan iyakar a maikrolita, maikrolita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta fifet, ISO 8655, ta yarda fifet mai cin maikrolita 1000 ya kauce da maikrolita 8, sama ko ƙasa. A kan 1000 wannan kashi 0.8 ne cikin 100. Amma idan aka saukar da shi zuwa 100, maikrolita 8 ɗin nan suna nan, sun zama kashi 8 cikin 100. P200 kuwa 1.6 aka yarje masa. Don haka a ɗauki mafi ƙanƙantar fifet da zai iya cin adadin da ake so: P20 daga 2 zuwa 20, P200 daga 20 zuwa 200, P1000 daga 100 zuwa 1000, ƙasa da 2 kuma a nemi P2 ko P10. Iyakokin sukan ɗan bambanta tsakanin kamfanoni, kuma suna rubuce a jikin na'urar. Kada a murza fiye da iyaka, sama ko ƙasa, don hakan na ɓata saitin.

Yaya ake karanta lambobin da ke tagar?

A fifet irin na Gilson lambobi uku ne a jere daga sama zuwa ƙasa, ma'anarsu kuma tana sauyawa da girman na'urar. Idan taga ta nuna 1, 5, 0, a P200 maikrolita 150 ne, a P20 kuwa 15.0 ne, domin jan lambar ƙasa tana bayan ɗigo. A P1000 jan lambar tana sama, mililita take ƙirgawa, don haka 0, 5, 0 na nufin 500. Mai koyo da ya ɗebo ninki goma na abin da ya nufa, galibi a nan ya zame.

Wajen saiti, a riƙa isa ga adadin daga sama. In ana ƙarawa ne, a wuce da kamar sulusin murɗa, sannan a dawo a hankali, don a kawar da ɗan sakin da ke cikin zaren murɗin.

Mene ne aikin zango biyun da ake ji a maɓalli?

Zangon farko shi ne ma'aunin. Na biyu ƙarin iska ne na fesar da ɗigon ƙarshe. Ga yadda ɗiba ke tafiya. A sa tif da ɗan dannawa da ɗan murɗawa, ba da buga fifet a akwatin ba. A danna zuwa zangon farko tun tif yana waje, sannan a tsoma. A saki maɓalli a hankali, babban yatsa yana rakiyarsa har sama. A dakata kamar daƙiƙa ɗaya tif na cikin ruwa, domin ruwan bai gama hawa ba lokacin da fistin ya tsaya. A fitar, a duba tif da ido: babu kumfa, babu ɗigo a waje. Wajen zubawa a jingina bakin tif da bangon tiyub a ɗan karkace, a danna zuwa zangon farko, a ɗan jira, a zarce zuwa na biyu, a janye tif yana gogar bango alhali maɓalli na danne. Sai an fita sannan a saki, in ba haka ba za a sake zuƙo abin da aka zuba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dannawa har zango na biyu kafin ɗiba. Ruwan da za a samu zai fi abin da taga ta nuna, kuma mutum zai yi ta maimaita hakan bai sani ba, tunda kowace ɗiba tana kama da ta baya.

Zurfin tsomawa da karkatar hannu suna da tasiri da gaske?

Suna da shi. Tif na P10 milimita 1 zuwa 2 ya ishe shi, na P20 da P200 milimita 2 zuwa 3, na P1000 kuma 3 zuwa 6. In aka nutsa da yawa, matsin ruwa zai tura ƙari ciki, wani kuma ya manne a bayan tif ya bi shi cikin tiyub. In aka tsaya a sama-sama, ruwan zai ja baya yayin ɗiba a zuƙo iska. Karkata ma tana sa a ɗebo fiye da ƙima, saboda ginshiƙin ruwan da ke jan iskar ƙasa ya gajarta. A riƙe fifet a tsaye, kada karkatarsa ta wuce digiri 20.

Sai jiƙa tif. Busasshen tif yana da busasshiyar iska a samansa. Da ruwa ya shiga, wani ɓangarensa zai zama tururi, matsin iskar ya ƙaru, abin da aka ɗebo ya gaza. Maganin shi ne a zuƙa a mayar sau uku kafin ɗibar gaske. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gaggawa, alhali daƙiƙu kaɗan yake ci. Haka nan a bar ruwa da tif da fifet su daidaita da zafin ɗaki idan ruwan ba mai lalacewa ba ne, kuma a mayar da fifet kan maratayinsa tsakanin ɗiba, don ɗumin tafin hannu ma yana kumbura iskar ciki.

Me ya sa itanol ke ɗiga daga tif, gilisarol kuma ya ƙi fita?

Itanol da asiton da kulorofom suna saurin zama tururi. Tururin ya cika iskar ciki ya turo ruwan waje, sai a ga ɗigo yana taruwa a baki alhali na'urar lafiyarta ƙalau. A jiƙa tif sau biyar ko fiye har iskar ta ƙoshi da tururin, sannan a ɗiba a zuba ba tare da jinkiri ba.

Gilisarol kuwa kaurinsa kamar na zuma ne, yana hawa a hankali, yana barin saura a bangon tif. A nan ake juya tsarin ɗiba. A danna har zango na biyu da gangan, a tsoma, a saki sannu-sannu, a jira daƙiƙu da dama. Wajen zubawa a tsaya a zangon farko kawai. Abin da ya rage a tif rara ne, ba ya cikin lissafi, a zubar da shi tare da tif ɗin. Wannan hanya tana kuma rage kumfa a ruwan da ke da furotin ko sabulu, irin su Triton X-100. Ga wanda kullum aikinsa da irin waɗannan ruwaye ne, akwai fifet ɗin da fistinsa ke cikin tif ɗin kansa yana taɓa ruwan kai tsaye, babu iska a tsakani. Shi ne maganin gaskiya, sauran dabaru ne na rage asara.

Ta yaya za a gane ko fifet yana auna daidai?

Da ruwa tsarkakakke da sikeli mai laushi. Maikrolita ɗaya na ruwa kusan miligiram ɗaya ne. A zafin digiri 20, maikrolita 100 za su nuna kusan miligiram 99.7 a sikeli, 1000 kuma kusan 997. A auna sau goma a iyakar sama, sau goma a rabi, sau goma a kashi 10 cikin 100 na iyakar. Abu biyu ake dubawa. Idan matsakaicin ya kauce amma lambobin suna kusa da juna, saitin na'urar ne ya goce, a kai ta gyara. Idan lambobin sun warwatse, a fara zargin hannu ko yoyo. A ƙananan adadi a yi sauri ko a rufe kwanon awo, don ruwan yana bushewa yayin da ake kallon sikelin.

Gwajin yoyo ya fi sauƙi. A jiƙa tif, a ɗebo ruwa a iyakar sama, a riƙe a tsaye daƙiƙa 20. In ɗigo ya taru, ko tif bai zauna ba, ko zoben robar da ke kewaye da fistin ya cinye, ko wuyan da ake sa tif ya tsage. Cikakken gwajin saiti yawanci ana yin sa duk wata uku zuwa shekara ɗaya, gwargwadon yawan aiki, da kuma duk lokacin da fifet ya faɗi ƙasa.

Ruwa ya shiga jikin fifet. Me ya jawo, me za a yi?

Ko an saki maɓalli ya tashi da ƙarfi, ko an kwantar da fifet a tebur da ruwa a tif. A daina aiki da shi nan take. A cire matunkuɗin tif, a kwance ɓangaren ƙasa, a wanke da ruwa tsarkakakke sannan da itanol ko aisofurofanol, a bar shi ya bushe sarai, a shafa man da kamfanin ya ba da umarni idan irin mai buƙatar mai ne. Gishirin bafa (ruwan sinadarin da ke hana tsamin haɗi sauyawa) da aka bari ya bushe a ciki yana cin fistin, ragowar DNA kuma za ta riƙa gurɓata duk aikin da ya biyo.

A haɗa PCR, me ya sa ba a zuba kowane sinadari tiyub-tiyub?

PCR hanya ce ta ninka wani yanki na DNA sau da yawa a cikin tiyub. Ba a zubawa tiyub-tiyub saboda ɗibar maikrolita 0.25 sau goma sha biyu ba za ta fito daidai ba. Ana yin babban haɗi guda a raba. A ɗauki haɗi mai jimlar maikrolita 25. Lissafin tsarmawa shi ne C1V1 = C2V2, wato ƙarfin asali sau adadin da za a ɗebo daidai yake da ƙarfin da ake so sau jimlar haɗin. Bafa mai ƙarfin 10X, wato ninki goma, da ake so ya koma 1X zai ci 2.5. dNTP, tubalan gina DNA, mai milimola 10 zai ci 0.5 don ya koma 0.2. Firaima biyu ne, wato gajerun DNA masu nuna yankin da za a ninka. Kowace firaima mai maikromola 10 za ta ci 1 don ta koma 0.4. Enzayim ɗin Taq mai kwafar DNA 0.25, DNA 1, ruwa ya cike da 18.75.

In samfura 10 ne, da tiyub ɗin shaida biyu, ɗaya mai DNA da aka san zai fito, ɗaya mai ruwa zalla, sun zama 12. A lissafa 13, don kowane tif yana riƙe ɗan abu. Ruwa ya zama 243.75, bafa 32.5, dNTP 6.5, firaima 13 kowace, Taq 3.25. A fara da ruwa, a ƙare da enzayim, a kan ƙanƙara. Taq yana zuwa cikin gilisarol kashi 50 cikin 100, don haka a taɓa saman ruwan kawai da tif, a zuba shi cikin haɗin kai tsaye, a zuƙa a mayar don kurkure tif. Saboda nauyinsa yana nutsewa ƙasa, sai an gauraya a hankali, in ba haka ba wasu tiyub za su sami enzayim da yawa, wasu kaɗan. A ɗan juya a santirifuj, injin da ke wulwula tiyub da gudu, na daƙiƙu kaɗan don ɗigon bango ya sauka, a raba 24 a kowane tiyub, sannan a sa DNA da sabon tif kowane lokaci.

Goge tebur da itanol ya isa ya hana gurɓata?

Itanol mai kashi 70 yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya lalata DNA. Don wannan ana amfani da bilic da aka tsarma kashi ɗaya cikin goma, a bar shi ya ɗan jima, a goge da ruwa don kada ya ci ƙarfe. Tif mai matata a ciki yana tare feshin da ke tashi zuwa jikin fifet, kuma a aikin PCR da RNA bai kamata a yi rowarsa ba. A raba wurin haɗa PCR da wurin buɗe tiyub bayan an gama, kowanne da nasa fifet. Idan tiyub ɗin ruwa zalla ya nuna layi a jel ɗin da ake tankaɗe DNA a cikinsa da wutar lantarki, sakamakon duka ba abin dogaro ba ne.

RNA ya fi wahalar sha'ani. Enzayim ɗin RNase, mai lalata RNA, yana kan fatar kowa, kuma turarawa a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a digiri 121 na minti 15 zuwa 20 ba ya gamawa da shi gaba ɗaya. Safar hannu da ta taɓa fuska ko waya ko marfin ƙofa a sauya ta.

Yaya ake zuba samfur a ramin jel ba tare da ya watse ba?

A haɗa maikrolita 5 na samfur da 1 na rini mai ƙarfin 6X. Rinin yana ɗauke da gilisarol ko makamancinsa, shi ke sa samfurin ya nutse cikin rami. A tabbatar bafa ya rufe jel. A kafa gwiwar hannu a tebur, a tallafi wuyan fifet da yatsan ɗaya hannun, a shigar da bakin tif cikin bakin ramin kaɗan, kada ya huda ƙasansa, don samfurin zai zurare ta ƙarƙashi. A danna a hankali zuwa zangon farko a tsaya, domin iskar zango na biyu kumfa ce da za ta fatattako samfurin zuwa ramin maƙwabci. In samfur ya ƙi nutsewa yana tasowa sama, galibi akwai sauran itanol daga wankin DNA, sai a bar shi ya bushe sosai kafin a narkar. Kafin a kunna wuta a duba wayoyi: DNA cajinsa nagatif ne, yana tafiya zuwa jar waya, don haka ramukan su kasance a gefen baƙar.