Ba Ƙasa Ce Ke Kayar da Tsoffin Ajujuwa Ba

An daɗe ana cewa tsoffin ajujuwan tubali a ƙananan garuruwan Kebbi suna faɗuwa ne don ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Gaskiyar magana, ruwa ne ke cin su. Idan indararo ya toshe, ruwa yakan kwanta a saman soro ya ruɓar da azara. Filastan siminti kuma, wanda ake ɗauka gyara ne, yakan riƙe danshi har tubalin gindin bango ya jiƙe ya zube.

Ku gwada da kanku: ku ƙwanƙwasa bangon, in ya yi ƙarar fanko, simintin ya rabu da ƙasa. A share indararo, a sabunta yaɓe kafin damina. Ku tura wa iyayen yara da malamai wannan bayani.