Yadda haƙƙin talaka ya koma ƙunshin taliya

A wani azumi da ya wuce na biya ta wata firamare inda za a yi rabon kayan abinci. Tun da hantsi mata suka cika gindin darbejiya, kowacce da 'yar takarda a ƙulle a bakin mayafi. Buhunan shinkafa na jere a kan baranda, kowanne da hoton mai bayarwa, hoton har ya fi sunan shinkafar girma. Ba a taɓa ko mudu ɗaya ba sai da masu kyamara suka iso bayan azahar. Aka zaɓo wata tsohuwa, aka ɗora mata buhun da ba za ta iya ɗagawa ba, aka ce, "Baba, ki kalli nan, ki yi masa addu'a." Da aka gama hoto aka sauke buhun, aka kasa shi gida takwas. Da daddare na ji a rediyo cewa an "gwangwaje" al'umma.

Wannan kalma ta gwangwajewa, da 'yan uwanta irin su "rage raɗaɗi" da "romon dimokuraɗiyya", su ne abin da masu ra'ayin kawo sauyi suka fi tsana a siyasar yau. Ƙorafinsu ba sabo ba ne, kuma don a gane shi sai an koma Kano ta 1950.

Ranar 8 ga Agusta na waccan shekara wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Sanarwarsu ta Sawaba ba ta roƙi En'e, hukumar gargajiya ta sarakuna, ta tausaya wa kowa ba. Cewa ta yi muradin talakawa daban, na masu mulki daban, kuma 'yantar da talaka aikin talaka ne da kansa. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne haraji da jangali, da aikin tilas a gonar mai sarauta, da kotun alƙali wadda dogari kan kai mutum ba lauya ba ɗaukaka ƙara ta kirki. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da yawa saboda ta hau dandamali ta yi magana, a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Sai a 1976 suka fara jefawa.

Tun a lokacin rigima da kafafen labarai ta soma. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta hukuma ce, haka ma rediyon jihar Arewa da ya zo daga baya. Wanda ke adawa da En'e sai dai ya nemi shafi a jaridar Comet ta su Azikiwe da ke bugawa a Kano, ko ya dogara da waƙa da lacca a kasuwa. Shi ya sa siyasar sawaba ta zama ta baki da baki, ta teburin mai shayi da shagon tela.

Gwajin gaske ya zo a 1979, lokacin da PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta ci jihohi biyu: Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, a hannun Muhammadu Abubakar Rimi, da Kaduna, har da Katsina a cikinta, a hannun Abdulƙadir Balarabe Musa. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Yana da kyau a tsaya a nan a lura da irin matakin. Ba a tara mutane a fili an raba musu komai ba, ba a rubuta sunan kowa a jerin masu cin gajiya ba. An cire wani nauyi ne daga wuyan kowa da kowa a rana ɗaya, ɗan PRP da ɗan NPN mai mulkin tarayya, wanda ya san kansila da wanda bai san kowa ba. Magidancin da ke guduwa cirani don tsoron mai unguwa ya kwana a ɗakinsa. Bafulatanin da ke ɓoye shanu a daji lokacin ƙidaya ya huta. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata tun kafin tarayya ta yi, kuma saboda ta san ba za ta sami adalci a kafafen da NPN ke riƙe da su ba, ta kafa jaridar Triumph da talabijin ta CTV.

Abin bai yi ƙarko ba, kuma ba duka laifin abokan gaba ba ne. Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981. A watan Yulin shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Amma ita kanta PRP ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo, suna zagin juna fiye da yadda suke zagin NPN. Malam ya rasu a Afrilun 1983 gidansa a rabe. Wannan cuta ta rabuwar kai har yau ba ta saki masu wannan ra'ayi ba.

Akwai wani yaƙi da aka yi a kan takarda wanda ba a cika tunawa da shi ba, alhali shi ne gindin maganar. A 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49. Biyu daga cikinsu, malaman tarihi Yusufu Bala Usman da Segun Osoba, suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban, gwamnatin soja kuwa ta ture shi gefe. Abin da ya shiga tsarin mulkin 1979, aka sake kwafo shi a na 1999, shi ne Babi na 2. Wanda ya karanta shi zai ɗauka an gama da talauci: sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, sashe na 16 ya ambaci matsuguni, da abinci, da albashin da zai riƙe mutum, da kula da tsofaffi, da marasa aiki, da naƙasassu. Sai dai can baya a sashe na 6 an sa wata 'yar jimla da ta hana kotu sauraron ƙara a kan duk abin da ke wannan babi. An ba ka da hannun dama, an karɓe da hagu. Tun daga nan walwala ta zama abin da gwamnati za ta yi in ta ga dama, kuma abin da ake yi don ganin dama dole a gode wa mai yi.

Daga 1986, da Babangida ya kawo SAP, shirin garambawul ga tattalin arziki, aka rage darajar naira, aka janye hannun gwamnati daga taki da magani da makaranta, aka rage ma'aikata. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara tangal-tangal, ko da yake mutuwar yawancinsu ta zo ne daga baya. A madadin abin da aka janye sai aka fara zamanin shirye-shirye masu suna mai daɗi. Aka yi DFRRI ta raya karkara, aka yi shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, aka yi Bankin Jama'a, Maryam Abacha ta zo da nata na tallafa wa iyali. Obasanjo ya kawo NAPEP, shirin yaƙi da talauci, a 2001, wanda abin da ya rage mana daga gare shi shi ne sunan keke mai ƙafa uku. Jonathan ya ƙara kuɗin fetur daga naira 65 zuwa 141 ranar 1 ga Janairun 2012, ƙasa ta tsaya cak, ya dawo da shi 97, ya kafa SURE-P, shirin zuba rarar kuɗin tallafin mai a ayyukan jama'a. Kowace gwamnati ta zo sai ta binne na wadda ta gada, ta raɗa wa nata suna.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da wasu 'yan gwagwarmaya ba sa son ji. Tallafin man da suka fito titi suna karewa a 2012 shi ma rumbun ɓeraye ne. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Faruƙ Lawan ya bankaɗo kamfanonin da suka karɓi kuɗi kan man da ba su shigo da shi ba, sannan shi kansa shugaban kwamitin kotu ta ɗaure shi a 2021 kan karɓar cin hanci a cikin binciken. Hujjar masu sukar dai ita ce, in ɓera ya shiga rumbu ɓeran ake kamawa, ba a cinna wa rumbun wuta masu gida su kwana da yunwa.

Gwamnatin Buhari ce ta fi kowace faɗaɗa harkar, daga 2016: N-Power da ke ba matasa naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare a kan naira 70 kowane yaro, naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta, wadda aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan a cikinta. Ba za a ce bai amfani kowa ba. An yi ƙauyukan da malamin N-Power ne kaɗai ke shiga aji. Amma TraderMoni, rancen naira 10,000 ga 'yan tireda, an yi ta raba shi ne kasuwa-kasuwa ana saura 'yan watanni zaɓen 2019, mataimakin shugaban ƙasa da kansa a gaba, 'yan kyamara a baya. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge, wasu har sun fara lalacewa. A 2022 kuma hukumar ƙididdiga ta gwamnatin kanta ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke.

Ina 'yan jarida a duk wannan? An ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin tun 1992, kuma zuwan Freedom a Kano a 2003 ya buɗe bakin talaka ta yadda NEPU ba ta taɓa mafarki ba: mutum ya buga waya daga Rimin Kebe ya faɗi cewa famfonsu ya shekara ba ruwa, gari duka ya ji. Sai dai rediyo sai da dizal, dizal sai da kuɗi, mai kuɗin sayen fili kuwa ɗan siyasa ne. A haka sojojin baka suka samu gindin zama, ana biyan mutum ya zo ya yabi ubangidansa ya zagi na wani, har mai sauraro ya ɗauka wannan ce siyasa. Ɗan rahoton da ke bin albashin wata uku ba zai tambayi kwamishina nawa aka ware, nawa aka saki, wa ya samu kwangilar shinkafar ba, bayan ya san akwai "na mota" a ƙarshen taro. Akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, akwai kuma jaridu kaɗan da ke amfani da ita su tono abin kunya, amma mafi yawan wannan aiki da Turanci yake fitowa, a shafukan da tsohuwar can ta gindin darbejiya ba za ta taɓa gani ba. Abin da ke isa kunnenta da Hausa shi ne an gwangwaje ta.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwa, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, a Kano mutane suka koma cin afafata, shinkafar da da kifi ake ba wa. Maganin da aka kawo shi ne wanda aka saba: naira biliyan 5 ga kowace jiha da tirelolin shinkafa, da alkawarin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bayan ta fito fili cewa ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata ita kaɗai. A shekarar an mutu a turmutsutsun rabon abinci da kuɗi a Legas, da Keffi, da Bauchi, sannan a Disamba a Ibadan, da Okija, da Abuja. Jam'iyyar APC da ke mulki kuwa, abin dariya abin takaici, kalmar 'yan ci gaba ce a tsakiyar sunanta, kuma da wuya ka sami ɗan takara a Kano da ba ya kiran sunan Malam a kan mumbari.

A watan Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar yunwa ta kwana goma, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da sauran biranen Arewa. An yi fashe-fashe, an harbe mutane, wasu sun ɗaga tutar Rasha, kuma tutar nan ita ta cinye kanun labarai, farashin kwanon masara ya koma shafin ciki. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a babbar kotun tarayya da ke Abuja, cikinsu da yara ƙanana da suka yi wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Hotunan wayar salula ne suka karaɗe duniya kafin dare, kuma bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. Aka kai su fadar gwamnati, aka jera su, aka ɗauki hoto.