Tambayoyi da amsoshi: ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu

Malam, da gaske ne lafiyayyen mutum ma yana ɗauke da bakteriya?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna baligi na ɗauke da kusan tiriliyan 38, amma nauyinsu duka giram 200 ne ko kusa da haka. Akwai su a baki da fata da hanci, sai dai matattararsu babban hanji ne. Tun wajen haihuwa jariri ke ɗibar su daga jikin uwa, kuma a nonon uwa akwai wani irin sukari da yaron ba ya iya narkarwa. Abincin bakteriyar Bifidobacterium ne.

To, amfanin me suke mana?

Abin da cikinmu ya kasa narkarwa, irin dusar hatsi, ɓawon wake da ganye, su ke sarrafa shi su fitar da sinadaran da bangon hanji ke ci. Suna samar da bitamin K, suna horar da garkuwar jiki, sannan suna cike gurbi, mai cutarwa ya rasa wurin zama. Ba dukansu ne na kirki ba: Helicobacter pylori ce ke haddasa gyambon ciki da yawa, binciken da ya ba Barry Marshall da Robin Warren kyautar Nobel a 2005.

Me ya sa kemis a Makka ke hana mu antibayotik idan murar Hajji ta kama mu?

Tun 2018 Saudiyya ta tsaurara dokar hana sayar da shi ba da takardar likita ba, kuma ni a ganina an yi daidai. Akasarin mura da tarin da alhazai ke saukowa da su daga Mina bairos ne ke kawo su, antibayotik kuwa maganin kashe bakteriya ne, ba ya taɓa bairos, wanda wata irin ƙwayar cuta ce daban. Idan antibayotik ya shiga ciki, kan mai uwa da wabi yake yi, ya kwashe bakteriya na kirki da na banza. Shi ya sa wasu ke yin gudawa bayan sun sha. A wurin tsofaffi da masu kwanciya asibiti, wata bakteriya mai suna C. difficile kan samu fili ta mamaye hanji, har rai ya shiga haɗari. Duk da haka za ka ga ana miƙa ragowar kafso daga gado zuwa gado a masauki, wai na ɗan'uwa ne da ya taho da shi daga gida. Idan zazzaɓi ya yi tsanani ko numfashi ya yi wuya, likita za a gani.

Laban da zabadi, wato nono da kindirmon Saudiyya, za su gyara?

Suna taimakawa, musamman wanda ba a cika masa sukari ba, amma bakteriyarsu baƙi ne, ba su cika daɗewa a hanji ba. Ciyar da 'yan gida ya fi: ful da adas (nau'o'in wake ne), dabino, salak, kuɓewa, da furar gero ga mai samu a Jidda. Kabsa (dafa-dukan shinkafa da nama) da soyayyar kaza kullum ba sa kai musu abin kirki.